Harsashin da ambaliya ta kwana a kansa: kada a harba, kada a jefa a bola

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana mafarauta, 'yan banga, da 'yan sa-kai masu raka manoma gona, tun da ga damina ta sake kamawa. Ni tsohon ɗan sanda ne, na yi shekaru da dama a ɗakin ajiyar makamai kafin in yi ritaya, kuma gidanmu gidan farauta ne tun kaka da kakanni. Ina zaune a Gwange cikin Maiduguri. Abin da zan faɗa ni ganau ne, don a ɗakina aka yi jinyar hannun da ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya kwana a Maiduguri daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, ba ya bukatar a tuna masa. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya haura gadoji ya iske mu har ɗaki. Fori, Galtimari, Gwange, Bulabulin, babbar kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi inda kadoji da macizai suka bi ruwa. Mu da muka ga ta 1994 muna zaton mun san iyakar ruwa, ashe da sauranmu. Kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Mai bindiga ya rataya bindigarsa ya saɓa ɗansa a wuya, harsasai kuwa suka zauna a akwati ƙarƙashin gado, ruwa ya yi kwana da kwanaki a kansu. Ruwan ma kowa ya san irinsa: ya kwaso masai, ya kwaso baƙin mai daga garejin kanikawa, ya kwaso taki da gishiri daga shaguna.

Da ruwa ya janye muka koma, duk rufin kwano da ke unguwa ya zama wurin shanya. Katifa, takardun makaranta, buhun gero da aka buɗe ana ceton abin da ya saura. A cikin shanyar nan na hango jajayen kwansuna a jere a kan rufin ɗan ƙanena. Yaro ne ɗan shekara 29, mai mata da 'ya'ya biyu, yana cikin mafarautan da ke raka manoma gona, bindigarsa mai baki ɗaya ce. Kwali biyu ne da ɗan abin da ke cikin ɗamararsa, kuma kowa ya san kwali guda harsashi 25 ne. Na kira shi na ce, kai, waɗannan sun gama aiki, ka tattara mu miƙa su. Ya ce, Baffa, ai na riga na gwada. Kwana uku suna shan rana, na fita bayan gari na harba uku, duka ukun sun tashi, ƙararsu ras kamar sababbi. In na zubar da waɗannan da me zan fita? Gida ya rushe, akuyoyi sun tafi, kuɗin kwali guda ya fi abin da zan ciyar da yara na mako.

Na yi masa faɗa, na wuce. A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san abin da ke cikin kwanson nan fiye da shi, ni ne makwafin ubansa, ina da ikon in hau rufin in kwashe su in zuba a aljihu ya yi fushinsa ya huce. Tausayin halin da yake ciki ya sa na bar shi.

Bayan kamar wata biyu, lokacin girbi, ya fita da jama'arsa. A hanyar dawowa ya ga fakara ya ɗaga bindiga. Abokan tafiyarsa sun ce ƙarar da ta fito ba ta fi ta buɗe kwalbar lemo ba, hayaƙi kaɗan, bindiga ko motsi ba ta yi a kafaɗarsa ba. Tsuntsuwa ta tashi. Cikin sauri ya karya bindiga ya cire kwanson ya saka wani, bai leƙa bututu ba, ya ja kunama. Wannan karon harsashin lafiyayye ne. Toshiyar robar da ke raba albarushi da ƙwayoyin dalma ta harbin farko tana maƙale a tsakiyar bututu, na biyu ya zo da cikakken ƙarfinsa ya iske hanya a rufe. Bututun ya dare daidai inda hannunsa na hagu ke riƙe. Yatsu biyu suka tafi nan take, na uku likitoci suka yi ta fama har Allah Ya sa ya tsaya, amma ba ya lanƙwasuwa.

Masu zuwa dubiya kowa sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Sai dai an umurce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu dogara, kuma wannan raƙumin ni na gan shi a sake.

Edita, bari in yi bayanin abin da ruwa ke yi wa harsashi, don yawancin masu riƙe da bindiga a daji ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu. In ka juya harsashi ka dubi gindinsa, za ka ga wata 'yar ƙwaya zagayayya a tsakiya. A takardun aiki furaima ake kiranta, ni dai idon harsashi nake ce mata. Ɗan ƙoƙo ne na ƙarfe, cikinsa akwai ɗigon sinadari da bai kai ƙwayar gero biyu ba, da wata 'yar maƙera da ke fuskantarsa. Allurar bindiga ta doki ƙoƙon, sinadarin ya matsu tsakaninsa da maƙerar, ya ba da tartsatsi, tartsatsin ya bi ta wata 'yar kafa ya kunna albarushi. Duk aikin bindiga a kan wannan ɗigon ya rataya. Sinadarin haɗi ne. A cikinsa akwai wani gishirin dalma mai tashi da an doke shi, wanda ruwa ba ya narkar da shi sai kaɗan ƙwarai. Akwai kuma gishirin bariyam mai taimaka wa wutar ta ci, shi kuwa yana narkewa a ruwa. To ka ga in ruwa ya shiga, wani ɓangaren ya zauna daram, wani ya zagwanye ya bar wurinsa, kuma ba ka da hanyar sanin ko nawa ya tafi.

Ga abin da ya fi ba mutane mamaki in na faɗa musu. A masana'anta ma, a jiƙe ake sarrafa wannan sinadari. Da gangan ake barinsa da laima lokacin da ake ɗura shi a ƙoƙon, don kada ya tashi a hannun ma'aikata, sai an gama a busar da shi ya zama abin tsoro. Ma'ana ruwa barci yake sa shi. In ya bushe yakan farka. Wani ya farka garau, wani ya farka da rabin ƙarfi, wani ya makara, wani ba ya farkawa har abada. Duka huɗun kamanninsu ɗaya in ka riƙe a tafin hannu.

Saboda haka in aka tambaye ni ko idon harsashin da ya jiƙe zai iya tashi bayan ya bushe, amsata ita ce e, sau da yawa yana tashi, kuma wannan ne ya yaudari ɗana. Kowace mace ta san ashanar da ta jiƙe aka shanya: wata ta kama, wata kanta ya marmashe, wata ta yi tsirit ta mutu. Kuma wadda kika ƙyasta kika ga ta kama, ita ta ƙare, ba ta ba ki labarin ta kusa da ita ba. Haka gwajin harsashi yake. Ukun da ya harba a bayan gari shaidar kansu kawai suka bayar. Kowane kwanso da inda yake yoyo. Harsashin farauta bakinsa a naɗe yake kurum, ba a liƙe ba, ruwa na tsiyaya ta nan ya sauka kan toshiya ya ratsa zuwa albarushi. Rana ta busar da bayan roba, ciki kuwa laima na nan a kulle. Gindin da ake gani kamar tagulla ne, a mafi yawan na yanzu baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, shi ya sa yake tsatsa. Ɓarnar kuma ba ta tsayawa ranar da ruwa ya janye. Wanda ya tashi a watan Oktoba, ɗan uwansa na iya ƙi a Janairu.

Wanda ya yi shiru gaba ɗaya shi ne mai sauƙi in farauta kake. In kuwa kana tsaye ne a bakin gona, bayanka mata da yara suna roron wake, gabanka mutanen da kowa ya san su, to shirun nan rayuka ne. Mai makara ya fi shi sharri. Ka ja kunama ka ji ƙas, ka sauke bindiga ka juyo da ita kana dubawa, ko ka karya ta, sai a lokacin ya tashi. Abin da muke koya wa sababbin kurata shi ne, bindiga in ta ƙi tashi, ka bar bakinta yana kallon inda ka auna, ka ƙirga aƙalla talatin a natse kafin ka taɓa komai. Ni sittin nake cewa a ƙirga. Sai mai rabin ƙarfi, wanda ya ci yatsun yaron nan. Duk lokacin da ƙarar bindigarka ta sauya, ko ba ta tura kafaɗarka yadda ta saba ba, ka dakata. Ka cire harsashi, ka leƙa bututu ta baya ka ga haske ya fito zagayayye. In ba ka ga haske ba, harbi ya ƙare a ranar, ko da barewa ce tsaye a gabanka.

Akwai wata magana da nake so manyanmu na farauta su ji, kuma da girmamawa nake faɗa, don a hannunsu na tashi. In bindiga ta ƙi tashi a gaban ɗan fashi, abin da baki ke fara furtawa shi ne mutumin a dafe yake, ya sha maganin bindiga, ya mayar da harsashi ruwa. Ba na jayayya da kowa a kan abin da ya gada. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a ce asiri, a tambayi harsashin ina ya kwana. Sau nawa aka kawo mini harsashin da aka ce an ɗaure bakinsa, in duba in ga gindinsa ya yi kore, idonsa ya yi tsatsa, an daɗe ana yawo da shi a ɗamarar fata yana shan gumi da raɓa damina biyu. Illar maganar asiri ita ce tana hana bincike. Yaro ya koma gida ya ƙara laya, harsasan kuma ya mayar da su ɗamara.

Wancan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren su ne masu cewa ai ruwa ya kashe shi, su watsa a bola. A layinmu aka yi haka. Wani bawan Allah ya zubar da nasa cikin tarkacen da ambaliya ta bari, matan gida suka share suka tara suka cinna wuta da yamma kamar yadda aka saba. Ana cikin haka abu ya fara fashewa, mutanen da suka fi shekara goma suna jin ƙarar harbi suka watse, wata yarinya da ke tsugune kusa ta samu tsaga a saman gira. Da ya sauka kaɗan da ido ne. Harsashi in ya fashe a wuta ba ya tafiya kamar wanda ya fito ta bututu, gaskiya ne, amma ɓarɓashin kwanso da ƙoƙon idon suna fallatsa, kuma sun isa su tsiyayar da idon wanda ke kusa. Ga kuma yaranmu 'yan jari-bola, da suke tsintar duk abin da ke ƙyalli su ɗora a dutse su doka don su raba ƙarfe da roba. Dukan nan shi ne ainihin abin da idon harsashi yake jira.

Kada kuma a fahimce ni a baibai, kowa ya tashi ya ce duk harsashin da ruwa ya taɓa ya lalace. Ruwan sama ya same ka a daji, ka dawo ka goge su da busasshen ƙyalle ka bar su su sha iska, wannan ba komai, mun yi shi sau ba adadi. Na soja ma ya fi haka juriya: in ka duba za ka ga zoben fenti ja ko kore kewaye da idon, liƙi ne na hana ruwa, kuma a akwatin ƙarfe mai robar murfi yake zuwa. Na farauta da ake sayarwa a kwalin takarda ba a yi masa wannan gata ba. Maganata a kan wanda ya nutse ne, ruwa ya rufe shi ya kwana.

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sayi idon harsashi da albarushi ya sake cika kwansonsa a gida, duk lokacin da guguwa ta kawo ambaliya sai maganar ta taso. Ƙungiyar kamfanonin da ke ƙera bindigogi da harsasan farauta a can, wadda ake kira SAAMI, da aka kafa tun 1926, ta fitar da matsayinta a rubuce. Ta bambanta wanda ruwan sama ya daka da wanda ya nutse. Wanda ya nutse ta ce kada a yi ƙoƙarin ceto shi ko busar da shi, a tuntuɓi jami'an tsaro su faɗi yadda za a rabu da shi. Cikin dalilan da ta kawo akwai waɗanda na lissafa: ƙin tashi, da rabin ƙonewar da ke toshe bututu. Waɗanda suka ƙera abin da hannunsu ke nan. A nan gida na san akwai masu sake cika kwanso a ɓoye saboda tsada, ko da yake doka ba ta ba su wannan izini ba. Su ma ina gaya musu, don ransu da na iyalinsu: idanun nan da kuke tarawa a gwangwanin madara ko kwalba, in ɗaya ya tashi duka za su bi shi lokaci guda. Shi ya sa kamfani ke jera su a faranti, kowane da raminsa. Wanda ya ɗora jiƙaƙƙu a murfin tukunya kusa da murhu wai su bushe, wallahi da gidansa yake wasa.

Masu bindigar toka nasu ya fi fitowa fili. Baƙin albarushi gawayi ne da farar wuta da wani gishiri, gishirin nan kuwa ruwa na narkar da shi kamar na miya. In ya bushe sai ya dunƙule, wani wuri ya yi ƙarfi wani ya zama gawayi zalla. Bindigar toka da ambaliya ta same ta a ɗure, a ɗauke ta a matsayin mai rai. Kada a leƙa bakinta, kada a gasa gindinta a wuta, kuma makararta ta fi ta harsashi tsawo, don haka jiran ma a ninka shi.

Yanzu ga inda nake so hukuma ta saurara. Na san dalilin da ya sa mutane ba sa miƙa lalataccen harsashi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na farko kuɗi, kamar yadda ɗana ya faɗa mini. Na biyu tsoro. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar, ta toka sai da na Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, harsashi kuma sai mai lasisin bindigarsa. Da yawa takardunsu ruwa ya tafi da su, wasu kuma halin da muka shiga ne ya ɗora musu bindiga a kafaɗa, da sanin kowa. Irin wannan mutum ba zai ɗauki leda cike da harsashi ya nufi caji ofis da ƙafarsa ba, yana tsoron garin neman ƙiba ya samo rama. Sai ya harba, ko ya jefa a bola.

Roƙona ga gwamnatin Borno, da ta kowace jiha da ruwa ke yi wa ɓarna, kamar Jigawa da Neja, shi ne a buɗe ƙofa ta hannun waɗanda mutane suka yarda da su. Bulama da Lawan a nan wajenmu, mai unguwa da dagaci a ƙasar Hausa, tare da sarkin baka da shugabannin 'yan sa-kai. A sa rana, a yi shela a rediyo da Hausa da Kanuri da Shuwa, a ce duk mai harsashin da ruwa ya shanye ya kawo ba tambaya ba kamu. Jami'an sashen kwance bama-bamai na 'yan sanda, waɗanda aikinsu ne, su zo su kwashe su lalata. Waɗanda kuma gwamnati da kanta ta sani suna gadin manoma, a musanya musu, lalatacce ɗaya lafiyayye ɗaya. Ana raba shinkafa da tabarma da bargo bayan kowace ambaliya, Allah Ya saka da alheri. A ƙara wannan a lissafi. Kuɗinsa bai kai na jinyar hannu ɗaya ba.

Kafin hukuma ta motsa, 'yan uwana, ga damina. A ɗauke harsashi daga ƙarƙashin gado. A sa shi a mazubi mai murfin da ke kamawa gam, a ɗora can sama inda yaro ba ya kaiwa, nesa da murhu da jarkar fetur. Wanda kuma har yau yake da ragowar na Satumban 2024 a ɗamararsa, na san kuna nan, don ina ganin tsatsar a gindinsu in mun haɗu a hanya, ya ware su yau, ya kai wa shugabansa.

Ɗana ya warke. Ya daina fita daji, yanzu yana taya wani ɗan uwanmu jiran shago, yana koyon ɗaure leda da yatsun da suka rage. Ragowar harsasan nasa guda 31 ne. Ni na ƙirga su da hannuna a daren da aka kwantar da shi, na naɗe a tsohuwar rigata, da gari ya waye na kai su inda ya kamata in kai tun ranar da na hango su a kan rufi.

Wassalam. Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Tsohon mai kula da ɗakin makamai,
Gwange, Maiduguri, Jihar Borno.